Zamanin Zakin Kakuri

An yi zamani a ƙasar nan da idan mutum ya ce ya yi mota ba a tambayarsa wace iri, sai dai a ce masa, "Salun ce ko wagon?" Kowa ya san Fijo ake nufi. Akwai Volkswagen mai ƙirar kunkuru ta malaman makaranta da ƙananan ma'aikata, akwai Marsandi ta sarakuna da manyan attajirai, ga Datsun da Toyota sun fara leƙowa daga Japan. Amma motar da ta cika titi tun daga Sakkwato har Maiduguri, wadda ta kai amarya ɗakinta, ta kai mai naƙuda asibiti, ta raka alhazai filin jirgi, ta ɗauki gwamna ta kuma ɗauki buhun albasa, ita ce mai tambarin zaki a goshi. Ni a wannan zamani na buɗe ido, kuma ga shi furfura ta cika mini kai amma ban rabu da shi ba. Ina da 504 da nake hawa, ina kuma da 404 da ke ɗage a kan jak a garejin wani dattijo, muna tayar da ita sannu a hankali.

Mutanenmu ba su saba da wanda ya riƙe tsohuwar mota don ƙauna ba. Idan aka ga dattijo a cikin 504 yau, abin da ake fara kawowa a rai shi ne rashi ya hana shi canzawa. Sau da yawa wani ya tare ni a bakin masallaci, cikin kyakkyawar niyya, ya ce, "Alhaji, ai ya kamata yara su haɗa kuɗi su sauya maka wannan." Nakan yi godiya. Ba kowa ne za ka tsayar a rana ka yi wa bayanin shekara hamsin ba.

Fijo ta riga masana'antar Kaduna zuwa ƙasar nan. Tun ana shigo da 403, sannan 404 wadda ta fito a 1960, shekarar da muka samu 'yancin kai. A lokacin motocin Ingila ne ke da kasuwa, su Morris da Austin da Land Rover, domin a hannun hagu muke tuƙi irin na Turawan mulki. Ranar 2 ga Afrilu, 1972, aka juya hannu, muka koma dama kamar maƙwabtanmu Nijar da Kamaru da Chadi da Dahomey, sai hanya ta buɗe wa motocin Faransa da Jamus masu sitiyari a hagu. Ita 504 a 1968 ta fito a Faransa, kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, a 1969 kuma aka zaɓe ta motar shekara a Turai. A 1972 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Peugeot, a 1975 Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar haɗa ta a Kakuri, can kudancin Kaduna, kusa da masaƙu irin su KTL da UNTL da Arewa Textiles. Wanda bai ga Kakuri a lokacin tashi daga aiki ba, bai ga Kaduna ba. Kekuna da babura da masu tafiya a ƙasa sukan toshe titi, ga masu abinci a jere, ga manyan motoci ɗauke da sababbin Fijo suna fitowa daga ƙofar masana'anta, fenti yana ɗaukar ido.

Wani abu da yaran yanzu ba sa yarda idan na faɗa musu shi ne, a jirgin sama ake kawo kayan haɗa motar. A shekarar da aka buɗe masana'antar, jiragen ruwa masu ɗauke da siminti sun cushe tashar Legas, ɗaruruwansu suna jiran layi wata da watanni. Sai aka koma ɗauko kayan daga birnin Lyon a jiragen kamfanin UTA, a sauke a filin jirgin Kano, a loda a manyan motoci zuwa Kaduna. Inji da giya da ƙofofi suna keta Sahara ta sama don a ɗaura su a Kakuri. Haka ƙasar nan take da ƙarfin aljihu a lokacin.

Kuɗin man fetur ya shigo, ga ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata haɗe da ariyas a farkon 1975. A lokacin Naira ta fi dala daraja. Matashi yakan gama jami'a ya tarar da aiki na jiransa, bayan ɗan lokaci a ba shi bashin mota, a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi. Bayan an kashe Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki manufar rage facaka, Fijo ta zama motar gwamnati tun daga sama har ƙasa. Babban sakatare da shugaban makarantar sakandare da direban tasha duk iri ɗaya suke hawa, sai dai wata ta fi wata sheƙi. Ina ganin wannan ya yi wa zukatan mutane wani amfani da ba a lissafa shi a kasafin kuɗi.

Mahaifina ma'aikacin gona ne na gwamnati, da bashin mota ya sayi tasa, fara sol, kujerunta a naɗe cikin leda. Ranar da ya shigo da ita unguwa, kafin ya kashe inji ƙofar gida ta cika. Dattawa suna zagaya ta suna cewa, "Allah ya sanya alheri, Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya raba ka da sharrin ƙarfe." Liman ya yi addu'a, aka raba goro da alawa, aka fitar da sadakar ƙosai. Mu yara kuwa sai leƙa fuskokinmu muke yi a jikin bamba. Ledar nan ta kujera ta fi shekara ba a cire ta ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai ba ranar ba ce, safiyoyin da suka biyo baya ne. Idan ya dawo daga sallar asuba ya yi lazimi, sai ya yaye tamfol, ya ɗaga bonet. Ya buɗe lagireto ya duba ruwa. Ya zaro gejin bakin mai ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi sama yana dubawa. Ya danna fambel da babban yatsa. Ya zagaya tayoyi huɗu yana bugun kowace da ƙafa. Sannan ya shiga ya ja cok, ya yi bisimilla ya murza makulli, ya bar ta tana silo har sai allurar zafi ta motsa. Ba ya taɓa saka giya kafin nan, ko da kuwa ya makara. Yana da ɗan littafi a aljihun dashbod inda yake rubuta ranar da aka juye bakin mai da ranar da aka sauya fulogi. Yadda mai doki ba ya karyawa sai ya ga dokinsa ya ci, haka yake da motar nan. Ni ne mai riƙe tsumma, kuma daga nan ciwon ya kama ni.

Sai dai Fijon da ta yi wa talaka aiki ita ce wagon ta tasha. Layi uku na kujeru: biyu a gaba kusa da direba, na tsakiya su matsu, na baya kuwa gwiwa a ƙirji. A tashar Kawo ko ta Unguwa Uku za ka ji ɗan kamasho yana ƙwala kira, saura mutum ɗaya, alhali saura uku. A ɗaure but da igiya domin ba ya rufuwa, kaya sun yi masa yawa. Kafin a raba hanyar Kaduna zuwa Kano gida biyu, siririyar kwalta ce guda ɗaya, ka wuce Jaji, ka sha ruwa a Kwangila, ka sayi rake ko dafaffen ƙwai a Tashar Yari, ka miƙe sai Kwanar Dangora. Kaset na Shata yana juyawa, ko a kamo Rediyon Kaduna ana Zaɓi Sonka. Kafin a isa, baƙi bakwai sun zama 'yan uwa, an san wanda zai je gaisuwar mutuwa da wanda zai je ɗaurin aure. Direbobin nan suna da girma a gari. Akwai wanda zai bar Kano bayan asuba ya kwana a Legas, a ba shi saƙon kuɗi a ƙunshe cikin takarda ya kai ba tare da ko sisi ya yi ciwon kai ba. Rayuwar tasha ta isa a yi mata waƙa, kuma Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota tasa. Ba zan ɓoye ba, gudun wagon ya ci rayuka masu yawa, babu gidan da bai san wani da hanya ta ɗauke ba. Motar tana da ƙarfin gudu fiye da yadda hanyoyinmu da haƙurin direbobinmu za su ɗauka.

Me ya sa ta karɓi ƙasarmu haka? Sai ka kwanta a ƙarƙashinta za ka gane. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ba ta tsoron kunyar gona ko burji mai gargada. Sifirin ɗinta masu dogon numfashi ne, idan ta faɗa rami sai ta haɗiye shi, fasinja ya ji kamar an ɗan girgiza shi kawai. Wagon ma sifirin bibbiyu aka yi mata a kowane gefe na baya saboda kaya. Farfelar da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya a cikin bututun ƙarfe take, ƙura da dutse ba sa samunta. Injin mai silinda huɗu ne, a kishingiɗe gefe guda, ko'ina hannu yana kaiwa. Babban sirrin kuwa shi ne silif ɗin da fistin ke gudu a ciki ana zare shi. Idan inji ya gaji ba a jefar da shi, sai a sauke, a zare tsofaffin silif, a saka sababbi da fistin da ringi, inji ya dawo yaro. Ana iya yi masa haka sau da dama. Waɗanda suka ƙera ta sun san wata rana za ta lalace a inda babu kowa sai makaniki mai sufana biyar a ƙarƙashin bishiya, kuma sun yi masa tanadi.

Duniya ma ta shaida. A gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi cikin laka da duwatsu, 404 ta zo ta ɗaya a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, sannan a 1975 Ove Andersson ɗan ƙasar Sweden ya ci da 504. 'Yan uwanmu na Nijar kuwa ta wata hanya tasu ta riƙa iso musu. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan sayi tsohuwar Fijo a Faransa, su tsallaka teku zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset su shigo ta Assamaka, su sauka Arlit da Agadas, su sayar da ita su hau jirgi su koma gida. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 ne suka tsayar da wannan fatauci. Motar da ta riga ta tsufa a Turai, ta keta hamada da ƙafarta, sannan ta fara sabuwar rayuwa ta shekara ashirin tsakanin Maraɗi da Damagaram.

Dattijon da nake kai wa motocina ya yi aiki a masana'antar Kakuri yana saurayi, a sashen inji. Kowa Baba yake ce masa. Garejinsa rumfar kwano ce da bishiyar darbejiya da wani akwatin ƙarfe da ya girmi yawancin yaransa. Kwanakin baya 504 ta fara yi mini shaƙewa idan na ba ta wuta, na kai masa ina cewa kafireto ne. Bai amsa ba. Ya ce in tayar da ita. Ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a kan inji, ya manna kunnensa a ƙotar, ya lumshe ido. Ya matsar da ita gaba kaɗan, ya sake saurarawa.

"Kashe ta, Alhaji," in ji shi. "Kafiretonka lafiya lau. Kwantak ne ya cinye."

"Baba, ko wata biyu ba a yi da sauya shi ba."

"Na yanzu ne ai. Kwalin ne kawai irin na da."

Ya buɗe distiributa, ya ciro kwantak ɗin ya nuna mini bakinsa ya yi baƙi ya rarake. Ya buɗe akwatin nan nasa, ya tono wani tsoho da ya cire daga wata mota tun shekarun baya, ya goge bakinsa da 'yar takardar yashi, ya ɗaura. Wajen daidaita tazarar bai nemi ma'auni ba, ya yagi kwalin ashana ya zura a tsakani, ya ɗaure har sai da kwalin ya riƙa fita da ɗan ja. Ya ce in murza. Tun kafin in saki makulli ta ɗauka, silo ya zauna daram. Ya goge hannu yana cewa, "Da tsohuwar zuma ake magani." Da na tambayi kuɗin aiki sai ya ce in ba yara na shayi.

Irin wannan ilimi ne nake jin tsoron ɓacewarsa fiye da ƙarfen kansa. Makanikan wancan zamani da kunne da hanci da tafin hannu suke aiki. Su shinshina hayaƙin salansa su ce maka mai ya yi yawa. Su duba launin fulogi su faɗa maka wace silinda ce ke shan bakin mai. Idan tanki ya huje a daji, direba ya san zai murje sabulu ya toshe har a isa gari. Idan jet ya toshe, a cire a busa da baki. Mai mota da makaniki kuwa zumunci ne na rai da rai, ana zuwa sunan juna da jana'izar juna.

Ita 404 a wani ƙauye na same ta, a bayan gidan wani marigayi tsohon alƙali. Wani abokina ne ya hango ƙusurwar fitilarta ta baya ta saman katanga ya zo ya faɗa mini. Tayoyi sun nutse a ƙasa, kaji suna ƙwai a kujerar baya, kabewa ta yaɗu a kan rufin. Cinikin bai zo da sauƙi ba, kuma ba kuɗi ne ya kawo jinkirin ba. Babban ɗan marigayin ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya kada a sayar wa masu yanka ƙarfe. Sai da na yi ta zuwa, na zo da 504 ya gani da idonsa, ya shiga ya zauna ya shafa dashbod, sannan ya ce zai shawarci ƙannensa. Ranar da janwe ta zo ɗaukarta, tsohuwarsu ta fito har ƙofar zaure. Ta ce, "Ɗana, a cikinta aka kai ni asibiti haihuwar autana. In ta tashi ka kawo ta in gani." Na ce, "In sha Allahu, Inna."

Aikin tayar da irin wannan mota ba ya son gaggawa. Injin ya daskare, ko motsi ba ya yi. Baba ya cire fulogai ya zuba gas da bakin mai a kowane rami, ya ce a ƙyale shi. Duk bayan kwana biyu sai ya sa sufana a kan fule ya ɗan taɓa, ba da ƙarfi ba. Makonni ana haka, ran nan sai ya motsa kamar faɗin yatsa. Daga nan aka sauke shi aka wargaza, aka jera kowane ƙarfe a kan buhu bi da bi, aka wanke da kananzir. Ɓeraye sun cinye wayoyi, don haka sai da mai wayarin ya sake saƙa su ɗaya bayan ɗaya. A nan Arewa muna da sa'a guda: iskarmu busasshiya ce, tsatsa ba ta cin ƙarfe kamar yadda take yi a Legas ko Fatakwal. Inda ruwan sama ya kwanta ne kawai, wato ƙasan ƙafar direba da gindin ƙofofi, mai walda ya yanke ya yi faci da sabon faranti. Abin da rana ta bari na ƙarfe kuwa ta rama a kan roba. Duk wata roba ta gilashi da ta ƙofa da tiyo ta bushe ta zama gawayi, dashbod ya tsattsage.

Wajen fenti mun yi gardama. A waje motar ta koma launin ƙasa, mai fenti yana so ya watsa mata fari ya huta. Baba ya ɓamɓare robar cikin murfin but, sai ga ainihin launinta a ɓoye inda rana ba ta taɓa gani ba, shuɗi mai haske kamar an shafa jiya. Muka yanko ɗan gefen muka kai wa masu haɗa fenti, suka yi ta gwadawa har ya dace. Haka mai ɗinkin kujera, sai da muka sa ya farke tsohuwar rigar kujerar a hankali ya yi amfani da ita a matsayin ma'auni, ya bi layin ɗinkin yadda yake.

Neman kaya kuwa shi ne rabin daɗin abin. Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, nan ne makarantata. Ka shiga lungu ka fita lungu, ka tambayi yaro ya ce bai taɓa jin sunan abin ba, ya tura ka wurin maigidansa, maigidan ya tura ka wurin wani tsoho a can ƙurya. Tsohon ya dube ka ya ce, "Me za ka yi da shi?" Idan ya gamsu da amsarka sai ya shiga ciki ya daɗe, ya fito da abin a naɗe cikin takardarsa ta asali mai maiƙo, ya hure ƙura. Wani lokaci ka biya, wani lokaci ya ce ka je kawai, ya fi shekara talatin yana jiran mai nema. A irin wannan yawo na san mutanen da ba don mota ba da ba za mu taɓa haɗuwa ba, Hausawa da Inyamurai da Yarbawa da Nufawa, kowa da labarin Fijon da ya taɓa riƙewa.

Akwai masu ba ni shawara in jefar da tsohon injin in ɗora na Toyota, in saka na'urar sanyaya ɗaki, in huta. Direban haya da ya yi haka don neman abincin iyalinsa ban ga laifinsa ba. Amma ni ba hutu nake nema ba. Idan aka cire wa 404 injinta da giyarta ta jikin sitiyari, abin da ya rage kwano ne mai kama da ita. Muryar ce nake so, da nauyin sitiyarin a hannu, da yadda sai ka saurare ta kafin ka sauya giya.

Abin yana cin kuɗi, babu musu, musamman tun da aka janye tallafin fetur a 2023, ga kafireto ba ta san tsimi ba. Na yi wa kaina ƙa'ida tun ina saurayi cewa kuɗin cefane da na makarantar yara ba sa shiga gareji. Shi ya sa aikin da mai hali zai gama a wata shida ni yakan ɗauke ni shekaru. Ban taɓa jin haushin hakan ba. Wanda ya daɗe yana jiran fitila guda ɗaya ya fi sanin daɗin ranar da ta kama.

Yadda zamanin ya wuce kowa ya sani. A 1986 aka shigo da tsarin SAP, Naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, bashin mota ya zama labari. Aka koma Kwatano ana ɗauko na hannu. Golf da Sharon da Hayis suka ƙwace tasha. Kakuri ta ci gaba da ƙoƙari, ta haɗa 505, daga baya 406, ita 504 kuwa ba a daina haɗa ta a Kaduna ba sai tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan an daina yin salun ɗinta a Faransa. A 2006 gwamnati ta sayar da hannun jarinta a masana'antar. Masaƙun da ke maƙwabtaka da ita suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Motocin yanzu sun fi sanyi, sun fi tsimin mai, sun fi kare rai idan an yi haɗari, wannan gaskiya ce. Sai dai an yi su ne don a sauya, ba don a gyara ba. Fitila ta kama a dashbod, a jona kwamfuta, ta ce a cire kaza a saka sabo. Yaron gareji na yau yana iya shekara biyar bai ga cikin inji ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne 'yan gwangwan. Ba su da laifi, sana'arsu suke yi, amma na tsaya na ga an sa gatari an datsa wagon mai lafiyayyen jiki gida huɗu, an ɗora a sikeli an biya kuɗinta da kilo, an loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe a kudu. Haka dubbai suka tafi, suka zama rodin gini. A garin Sochaux na Faransa, inda babbar masana'antar Peugeot take, tun 1988 suke da gidan tarihi na motocinsu. A Legas an adana baƙar Marsandin da aka harbi Murtala a ciki, a gidan tarihi na Onikan, ramukan harsashi suna nan. Wannan daidai ne. To amma tarihi ba na ranar baƙin ciki ba ne kaɗai. Da za a ji tawa, da an ware rumfa a Gidan Arewa da ke Kaduna an ajiye salun guda da wagon guda da akori-kura guda, duk haɗin Kakuri, a sa tsofaffin ma'aikatan masana'antar su riƙa yi wa 'yan makaranta bayani tun suna da rai. Yaron da aka haifa bayan 2000 ya kamata ya taɓa da hannunsa ya san cewa a garin nan an taɓa ɗaura mota daga farko har ƙarshe, kuma kakansa ne ya ɗaura.

Mu da muka rage ba mu da yawa, amma mun san juna. Akwai mai kunkuru, akwai mai tsohuwar Marsandi da ya gada, akwai wani malamin asibiti mai 505. Mukan haɗu a garejin Baba ranar Asabar da hantsi, a sha shayi, a yi musayar kaya, wanda ya ji labarin wata mota a wani ƙauye ya faɗa. Abin da ban zata ba shi ne samari sun fara zuwa. Da farko hoto suke ɗauka da waya, wasu su roƙi a ba su aron 504 don kai ango wurin ɗaurin aure. Amma a cikinsu akwai jikan Baba, wanda ya gama karatun injiniya, ya iya kwamfutar mota sarai, duk da haka yakan tsuguna kusa da kakansa yana koyon daidaita bawul da hannu. Shi ne ma ya nemo mana robar ƙofa ta intanet daga wani mai sayar da kayan tsofaffin motoci a Faransa.

Yanzu injin 404 ya koma mazauninsa, ya tashi, hayaƙinsa fes. Saura robar gilashin gaba da murfin fitilar baya ta hagu, an ce akwai wani tsoho a Damagaram da ke da su, za mu je da jikan Baba idan ruwa ya ɗauke. Tafiyarta ta farko ƙauyen nan za ta yi, wurin Inna, domin alkawari kaya ne. Baba ya riga ya kafa sharaɗi: shi zai zauna a gaba, za a tafi da galan na ruwa da fambel na ajiya, kuma ba za a wuce gudun kilomita 60 ba har sai sababbin ringin sun zauna.